Ni Na Ce Jirgin Ƙasa, Baba Ya Ce Na Sama: Yadda Muka Kai Dabino Stockholm

Liman na sallame sallar asuba a masallacin bayan kasuwar Utaiƙa muka fara loda kaya a mota. Kwalayen dabino ne, irin da ake kira sukari da ajwa da wasu kala biyu, an naɗe kowanne da leda kamar jariri, sai jakunkunanmu na tufafi. Sanyin Riyad yana kaɗawa, ni kuwa har gumi nake tsabar murna. Tun da na samu iƙama, wato takardar izinin zama, na zauna a Saudiyya, tafiyata ba ta wuce Riyad zuwa Kano, Kano zuwa Riyad ba, sai ɗan zuwa Makka da Madina. Ran nan ga ni zan shiga Turai.

Ga waɗanda ba su san ni sosai ba, a shagon sarin dabino nake aiki. Kafil ɗinmu, wato mai shagon da muke zaune a ƙasar nan da sunansa, dattijo ne, ciwon gwiwa ya hana shi doguwar tafiya. Akwai masu shagunan kayan halal a Denmark da Sweden da suka daɗe suna magana da shi ta waya, suna son ganin kaya da idonsu kafin azumi. Sai ya ce mu biyu mu je. Ni saboda Turanci, sai abokin aikina mutumin Damagaram, mai kula da sito, wanda duk shagon muke kira Baba. Ya riga ni zuwa da shekaru masu yawa, kuma kafil ba ya shakkar duk abin da ya faɗa. Biza ta wahalar da mu, amma ta fito. Kafil da kansa ya dogaro sandarsa ya zo bakin mota, ya yi mana addu'a, ya ce, "Yalla, fi amanillah."

Mun yada zango a Istanbul, muka canja jirgi, muka sauka Copenhagen, babban birnin Denmark. A wajen ɗaukar kaya muka fara cin karo da ɓacin rai: ɗaya daga cikin kwalayen sukari ya fito a lotse, gefensa ya buɗe, dabinon ciki ya manne da juna. Baba ya tsuguna ya daɗe yana dubawa. Muka nuna wa jami'an kwastan kayan da takardun gayyata, suka duba suka sallame mu.

Muna fita ƙofar filin jirgi na gane rigunan sanyin da muka saya a Riyad na ado ne kawai. Iskar ta bi ta cikin rigar kamar ba ta ga komai ba. Baba ya naɗe kansa da rawani har hanci, idanu kaɗai ake gani.

Copenhagen gari ne na kekuna. Mai kwat da jakar ofis a kan keke, tsohuwa a kan keke, uwa ta zuba 'ya'yanta a wani akwati da aka haɗa a gaban keke tana tuƙa su cikin wannan sanyi, su kuwa suna ta dariya. Kekunan suna da hanyarsu daban, wadda ni ban sani ba, na tsaya a tsakiyarta ina ɗaukar hoto. Ƙararrawa na ji ta ko'ina, Baba ya fizgo ni da wuyan riga. Tsada kuwa ba a magana. Abin da muka biya na shayi kofi biyu, a unguwar Malaz ta Riyad zai saya mana shinkafar kabsa da kaza mu ci mu rage. Burodinsu baƙi ne mai nauyi, ana ɗora masa kifi mai tsami da albasa. Ni na ci, har ya yi mini daɗi a loma ta uku. Baba ya ɗanɗana ya ajiye, ya ce a nemo masa shawarma. Muka same ta a wata unguwa da Larabawa da Turkawa suka yi yawa, inda shagon mutuminmu na farko yake. Ba'iraƙe ne mai fara'a, ya duba kaya, ya yaba, muka daidaita ba tare da wata jayayya ba.

Abin da ya fi rikita mu shi ne lokutan salla. Gari ba ya wayewa da wuri, kuma kana idar da azahar, ka ɗan zauna, la'asar ta yi, kafin ka gama shan shayi an shiga magariba. Baba ya ce rana a ƙasar nan leƙowa kawai take yi ta gaisa ta koma.

Babban cinikin da kafil ya sa wa rai yana Stockholm, babban birnin Sweden, wajen wata Hajiya 'yar Somaliya mai shaguna da dama. Mun shirya mu huta kwana biyu kafin mu wuce. Muna dawowa masauki sai ga saƙonta. An matso mata da tafiyar Umara. Gobe kaɗai za ta iya ganinmu, kafin ta rufe shago da yamma, jibi da safe za ta tashi zuwa Madina. Na karanta wa Baba, muka kalli juna. Duk mai sana'ar dabino ya san abin da hakan ke nufi. Matar da ke neman dabinon azumi in ta taka Madina ba ta ga kayanmu ba, 'yan kasuwar can ba za su bar ta ta fito hannu wofi ba. Mu kuma mu koma Utaiƙa da kwalayenmu da labarin kekuna.

Nan musu ya tashi. Baba ya ce jirgin sama, babu wata magana. Tafiyar kusan awa ɗaya ce a sama, me zai sa mutum mai gaggawa ya zauna a jirgin ƙasa fiye da awa biyar? Ni kuma na ce awa ɗayan nan ta cikin sama ce kawai. Sai mun ja kaya zuwa filin jirgi, mu isa da wuri, mu bi layin bincike, mu biya kuɗin ƙarin kaya, sannan mu miƙa kwalayen ga masu jifa da su, ga shi mun ga yadda ɗaya ya fito. Can ma filin jirgin Stockholm yana da nisa da gari. Jirgin ƙasa kuwa tasharsa tana bayan masaukinmu, zai ajiye mu a tsakiyar Stockholm, kwalayenmu suna gaban idonmu. Duk wannan gaskiya ne. Amma akwai wani dalili da ban sa a gaba ba: na taɓa ganin hoton gadar da ta haɗa ƙasashen biyu a kan teku, kuma raina ya biya in hau ta. Baba ya san ni. Ya dube ni ta saman rawaninsa ya ce, "Ƙanena, dabino kake tausayi ko yawon buɗe ido kake so?"

Na ce duka biyun.

Muka sauko muka tambayi matar da ke karɓar baƙi a masaukin. Ta ce ita jirgin ƙasa take hawa, amma lokacin dusar ƙanƙara babu wanda za ta rantse a kansa, na sama yana makara, na ƙasa ma yana makara. Ba ta raba mana gardama ba. Muka kira kafil. Ya saurare mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ala kefak," wato in yi yadda na ga dama, sannan ya ƙara da cewa ko a kan jaki ne mu isa kafin ta rufe shago. Da muka ajiye waya Baba ya yanke hukunci: za mu tafi ta ƙasa, amma tunda tikitinmu na komawa gida daga Copenhagen yake, dawowa ta sama za mu yi. In muka makara, ni zan kira kafil da bakina. Na amince, na sayi tikiti a waya.

Da safe, gari bai gama wayewa ba, muka ja kayanmu zuwa tasha. Babu mai cewa ka cire bel, babu mai auna kwali. Allo muka duba, muka sami layinmu, muka shiga. Tikitinmu na canji ne, za mu sauka a Malmo, garin farko na Sweden, mu hau wani. Jirgin ya bi ta cikin gari, ya tsaya a filin jirgin sama, inda Baba ya nuna mini tagar da haɓa, sannan ya nutse cikin rami. Duhu ya rufe tagogi. Na gaya wa Baba yanzu a ƙarƙashin teku muke. Ya fito da carbinsa.

Sai haske ya buɗe gaba ɗaya. Jirgin ya fito a kan wani ɗan tsibiri, ya fara hawa, kafin in ankara muna kan gada. Ruwa dama, ruwa hagu, toka-toka har inda ido ya ƙare. Motoci suna gudu a bene na sama, mu muna ƙarƙashinsu, ƙarafan gadar suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Can cikin teku ga dogayen fankokin lantarki a jere suna juyawa a hankali, ga wani jirgin ruwa yana ratsawa a ƙasanmu. Jama'a, ni da na girma ina ganin ruwa mai yawa a dam kawai, ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Sauran fasinjoji ko ɗaga kai ba su yi ba, wasu a kan gadar nan suke zuwa aiki kullum. Na waiga in ga Baba, na tarar ya manna goshinsa da gilashi yana ta salati.

A tashar farko ta Sweden 'yan sanda suka shigo suka duba fasfo, suka yi mana sannu da zuwa. A Malmo muka sha gudu. Lokacin canjin kaɗan ne, ga kwalaye, ga matakala. Ni na rungumi biyu, Baba ya ɗora sauran a ka kamar a tashar Damagaram, mutane suna buɗe mana hanya suna kallo. Muna jefa ƙafa cikin jirgi na biyu ƙofa ta rufe.

Wannan jirgin ya fi na farko gudu da kyau. Kujeru masu laushi, tebur, wajen cajin waya, har da wani tarago da ake sayar da kofi da burodi mai kirfa. In ya zo kwana sai ya karkata kamar ɗan acaɓa, shayi yana rawa a kofi. Abin da ya fi ba ni mamaki shirun mutanen. Tarago cike, amma ba ka jin komai sai ƙarar shafin littafi. Ni da Baba muka koma yin raɗa kamar masu gulma. Muka yi alwala a banɗakin jirgi, ana jijjiga mu, muka yi sallarmu ta matafiya a zaune.

Ta taga kuwa ban gaji da kallo ba. Gonaki shimfiɗe sun yi fari, daga nan daji ya fara, dogayen itatuwa masu tsini, kowanne ya ɗauki ƙanƙara a kafaɗa. Sai tafki ya bayyana, ya daskare, sai wani, sai wani. Gidaje na katako jajaye masu farin baki, ɗaya nan ɗaya can, hayaƙi yana fita ta samansu. Na yi ta tambayar kaina, mai gidan can in gishirinsa ya ƙare wa zai aika wa? Na ce wa Baba da ta sama muka bi, duk wannan gajimare ne zai rufe mana shi. Ya ce in bari mu isa tukuna.

Kamar bakinsa jirgin yake jira. Mun wuce rabin hanya sai ya rage gudu, ya rage, ya tsaya cik a tsakiyar daji. Aka yi sanarwa da yarensu, sannan da Turanci: iska ta kayar da itace a kan hanya, ana jiran masu sarewa, ba a san tsawon lokacin ba. Na fassara wa Baba. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Wayarsa kawai ya ciro, ya nemo lambar kafil, ya ajiye ta a kan tebur a gabana, ya koma jan carbi.

Rana ta fara sauka, ga shi ko la'asar ba ta daɗe da yi ba. Na kira Hajiya na gaya mata halin da muke ciki. Ta yi mana jaje, amma ta ce tana da haɗa kaya da sallama da 'yan uwa, ba za ta wuce lokacin rufe shago ba, in mun same ta to. Na fara tsara yadda zan buɗe baki in gaya wa kafil cewa gada na je kallo.

Baba ne ya katse shirun. Ya ce kwalin nan da ya lotse ba zai nunu ga mai saye ba, kuma mutane sun zauna da yunwa. Ya buɗe shi, ya miƙe, ya bi layin kujeru yana miƙa wa kowa, ba Turanci ba yarensu, sai "tafaddal", wato bismillah, da murmushi. Na farko ya ɗan yi jim kafin ya ɗauka. Ta biyu ta ɗauki ɗaya, ta ci, ta miƙo hannu ta ƙara. Kafin ya kai ƙarshen tarago mutanen da suka yi awoyi ba su kalli juna ba sun fara hira. Wani ya tambaya daga ina, wata ta tambaya ko da gaske ba a zuba masa sukari ba. Wata mata mai furfura da ke gefenmu, ma'aikaciyar jinya ce tana dawowa daga wajen 'yarta, ta tambaye ni me ya sa nake ta duba agogo. Na ba ta labari. Ta karɓi adireshin ta duba, ta ce unguwar tana kan layin gidanta, in mun isa kada mu nemi tasi, a wannan lokacin hanya cunkushe take, mu biyo ta kawai.

Da jirgin ya motsa har tafi aka yi. Mun shiga Stockholm gari ya yi duhu, fitilu suna rawa a kan ruwa ta kowane gefe, jirgin yana ratsa gada zuwa cikin tasha. Ban samu na more kallon ba. Matar nan ta ɗauki jakar Baba da kanta, ta shige gaba da sauri, muna binta. Ta saya mana tikitin jirgin ƙarƙashin ƙasa da katinta don kada mu tsaya fama da na'ura, muka gangara wata tasha da aka fafe cikin dutse kamar kogo, an yi mata fenti shuɗi da fari. Ta raka mu har tasharmu, ta nuna mana titin, ta ƙi karɓar komai sai ragowar dabinon kwalin.

Mun tarar an sauke ƙofar shagon rabi, ma'aikata suna shigar da kayan waje. Hajiya tana tsaye da jakarta a kafaɗa da makulli a hannu. Na yi sallama ina haki. Ta dube mu, ta dubi Baba da kwali a ka da ƙanƙara a rawani, ta yi dariya ta ce, "Ku shigo, mutanen Riyad. Ni ina shirin zuwa ƙasarku, ku kun biyo ni tawa."

Ta sa aka kawo shayi mai kayan ƙamshi. Baba ya buɗe kwalayen, lafiya lau suke, ko ɗaya bai motsa ba. Ta ɓare sukari ta duba cikinsa, ta ci, ta kira ma'aikatanta su ma suka ɗanɗana. Mace ce da ta san ciniki, ta matsa mana sosai, sai da muka kira kafil suka yi ta Larabci a tsakaninsu. A ƙarshe ta ɗauki sukari mai yawa, fiye da yadda muka zata, da kala ɗaya cikin sauran. Ajwa kuwa ta ce mu yi haƙuri, gobe za ta kwana a garin da ake nomanta. Da muka fito, Baba ya mayar da wayarsa aljihu ya ce in nemo mana abinci mai zafi.

Washegari muka zaga gari da zuciya sake. Stockholm a kan tsibirai take, duk inda ka nufa sai ka haye gada. Tsohon garin lunguna ne matsattsu da gidaje masu launin ɗorawa da ja, wani lungun in ka buɗe hannu za ka taɓa bango biyu. Na miƙa ragowar kuɗin Denmark a wani shagon kofi, yarinyar ta ce ba nasu ba ne, kuma ko nasu ne ba sa karɓar tsaba, sai kati. Ƙasashe biyu gada ɗaya ta raba su, sunan kuɗinsu kusan ɗaya, amma kowa da nasa. Har banɗakin tasha da kati ake shiga, abin da Baba ya ce bai taɓa jin irinsa ba.

Dawowa kuma ranar Baba ce. Muka hau mota doguwar tafiya zuwa filin jirgi, muka cire bel da takalma, aka karɓe mini ruwan sha. Muka zauna jira, muka shiga, aka tsaya ana fesa wa fukafukan jirgi wani ruwa mai narkar da ƙanƙara. Da muka tashi, ban gama kofin shayi ba aka ce a ɗaura bel za a sauka. Ban ga komai ba sai farin gajimare. Amma gaskiya ba mu makara ba, kuma ba kaya a hannunmu tafiyar ta zo da sauƙi. Baba ya yi ta duba agogo yana nuna mini. Na lissafa masa tun daga ƙofar masauki zuwa ƙofar masauki, na ce bambancin bai kai yadda yake faɗa ba. Ya ce shi dai bai ga itace ya faɗi a sama ba.

Mun sauka Riyad da hantsi. Sanyin da muka bari muna kuka da shi sai na ji shi kamar an lulluɓe ni da bargo. Kai tsaye muka wuce Utaiƙa, ƙamshin dabino da gahawa ya tare mu tun daga bakin kasuwa. Kafil yana zaune a kujerarsa, ya sa aka zuba mana gahawa, ya saurari komai har da labarin itacen. Da muka gama ya tambaya, in ya sake aikenmu, wanne za mu hau. Na ce na ƙasa, Baba ya ce na sama, a tare muka faɗa. Dattijon ya yi dariya har da tari.

Ga masu tambayata a saƙo wanne ya fi, abin da na gani ke nan. In ba ka da kaya kuma sauri kawai kake, hau na sama. In kana da kayan da kake tsoron a jefar, ko kana son ka san ƙasar da ka taka, hau na ƙasa, ka zauna gefen taga. Amma ko wanne ka zaɓa, lokacin sanyi kada ka matse kanka kamar yadda muka yi, ka bar wa hanya rabonta. Ni na je da tunanin mutanen can ba ruwansu da kowa, na dawo na san shirunsu ba ƙiyayya ba ce, jira suke wani ya fara magana. Mu biyun nan har yau ba mu daidaita ba, kuma jiya da aka fara loda kwalayen Hajiya a babbar mota, ni da Baba muka kama na farko tare, shi gefe ɗaya ni gefe ɗaya, muna musun muna ɗagawa.